Damben Kan Jirgi da Guduma

Ranar jajibirin Kirsimeti ce, shekarar da nake aji huɗu a firamare, kuma tun da gari ya waye na kasa zama wuri ɗaya. In je ƙofar gida in leƙa hanya, in dawo in tsaya a kan bunsurun da aka ɗaure a gindin mangwaro, in sake komawa ƙofa. Ruwan da Mama ta ɗora a babbar tukunya ya tafasa har ya ƙone, an ƙara wani, shi ma ya tafasa. An share wurin yanka, an haƙa ɗan ramin jini, an yanko ganyen ayaba an shimfiɗa. Komai ya kammala, mutum ɗaya ake jira. Baba Sale mahauci, maƙwabcinmu, wanda shi ke yanka mana dabbar Kirsimeti tun kafin a haife ni, bai zo ba. Kowace shekara yana idar da sallar asuba yake shigowa da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, amma ran nan rana ta haura rufin kwanon maƙwabta babu shi babu labarinsa. Babana yana zaune a kujerar katako a ƙofar ɗakinsa, ya lulluɓe ƙafafunsa da zanen Mama. An ce mana zazzaɓi yake yi. Ba wanda ya tayar da maganar yankan, domin duk gidan mun san abin da ya hana Baba Sale zuwa, ko dai muna zaton mun sani.

A unguwarmu da ke bayan tashar jirgi a Kafanchan, mu Kirista ba ma yanka dabbar biki da hannunmu. Ba wai ba mu iya ba ne. Kakana a ƙauye da kansa yake yanka kajinsa da awakinsa. Dalilin shi ne kusan rabin naman nan ba cikinmu zai shiga ba, na maƙwabta ne, su kuwa maƙwabtanmu Musulmi ba za su ci ba sai in Musulmi ne ya yanka. Shi ya sa ake kiran ɗaya daga cikinsu ya sa wuƙa. Ranar Kirsimeti da an taso daga majami'a, sai mu yara mu yi ta zirga-zirga cikin sababbin kaya, ɗauke da kwanukan shinkafa da miya da tsokoki a sama, gida-gida. In Sallah ta zo kwanukan su juyo ta wajenmu da soyayyen naman rago. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, amma tun ina 'yar mitsitsiya na san cewa gidan da ya saba aiko maka da kwano, in ya daina, ba sai an gaya maka ba, an ɓata ke nan. Saboda haka abin da ke cina a safiyar nan ba yunwar nama ba ce. In wani a gidanmu ya yanka bunsurun nan, babu kwanon da zai shiga gidan Baba Sale, kuma gidan Baba Sale nan ne gidan su Hajara, aminiyata.

Duk wannan tashin hankali kuwa a kan wani dambe ne da ba a taɓa yi ba.

Babana, Yohanna, makaniki ne a loko, inda ake gyaran injinan jirgin ƙasa. A ƙuruciyarsa ya yi damben Turawa a kulob ɗin ma'aikata, irin wanda ake sa manyan safofin hannu ana yi a kan dandamali mai igiyoyi. Kan Jirgi ake kiransa, wai in ya taso ba ya tsayawa sai ya kai tasha. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hancinsa a ɗan karkace, kuma safofin nan suna nan rataye a ƙusa kusa da kalandar majami'a, fatarsu ta tsattsage, ɓera ya ci babban yatsan ɗaya. Baba Sale shi kuma dogo ne siriri, sai dai damtsen damansa ya fi na hagu kauri ƙwarai. Damben gargajiya ya yi, wanda ake naɗe hannu ɗaya da zare a bar ɗayan a buɗe don kariya, kuma in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, shi ke nan an kashe ka. Bayan kaka yakan bi garuruwa har Gwantu da gaba da nan, masu kalangu suna yi masa kirari da Guduma, kuma manya sun ce ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Su biyun sun ajiye dambe tun kafin a haife mu. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma da yamma a gindin mangwaronmu suke buga dara, suna zolayar juna a kan furfura.

Mu ne 'ya'yansu ba mu ajiye ba. Ni da Hajara tare muke tallar gyaɗa da lemo a tasha in jirgi ya shigo, tare muke layin famfo, tare muke kankare citta in lokacinta ya yi. Duk wanda ya taɓa kankare citta ya san aikin ba ya tafiya sai da surutu, ga hannu yana raɗaɗi, ga baya yana ciwo, ga tulin kamar ba ya raguwa. To mu surutunmu ɗaya ne: da za a haɗa Kan Jirgi da Guduma, wa zai ci? Ni hujjata a fili take. Babana hannu biyu yake duka, nata hannu ɗaya. Babana ya iya kaucewa, ya iya rawar ƙafa, kafin Guduma ya ɗaga wannan dogon hannu an riga an zuba masa a ciki da haƙarƙari. Ita kuma Hajara, da wannan sanyin muryar tata mai ba da haushi, sai ta ce, "Ladi, shi fa babana sau ɗaya yake duka." Ta ce safar Babana matashin kai ce, wa ya taɓa mutuwa da dukan matashi? Daga nan sai mu koma kan doka. A kan yashi za a yi ko a kan dandamali? Da shuri ko ba shuri? In a dandamali ne, igiya za ta hana Guduma ja da baya ya auna. In a yashi ne, ƙafar Kan Jirgi za ta nutse. Muka rasa mai raba mu, sai muka koma kamun gyare, mu ɗaura wa kowanne zare mu sa masa sunan uban ɗayarmu, mu haɗa su a cikin gwangwanin madara. Ranar da nawa ya ci in yi ta tsalle har gida. Ranar da ya gudu in ce ai tun safe ba shi da lafiya. A filin makaranta ma yara sun ɗauka, a zana da'ira a ƙasa lokacin tara, wannan ya naɗe hannu da ɗankwalin yayarsa, wancan ya cusa hannaye cikin safar ƙafa, a yi ta yi har a kaɗa ƙararrawa.

Da abin ya tsaya a hannun yara, da ya wuce kamar yadda yayin langa da carafke ke wucewa. Amma a shekarar nan jirage sun ragu, aiki ya yi sanyi a loko, maza sun sami lokacin zama. Gardamar ta hau teburin mai shayi, ta shiga shagon aski, 'yan acaɓa suka ɗauke ta suka zaga da ita gari har hanyar Kagoro. Mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu yana dambe ba suna rantsuwa a kan tsawon hannun wannan da ƙarfin numfashin wancan. Sai na fara jin wani abu a tasha da ban saba ji ba. An daina cewa Kan Jirgi da Guduma. An koma cewa "namu" da "naku". "Namu zai kashe naku a turmin farko." Mai faɗin haka bai ma san inda gidan Baba Sale yake ba. Ina yarinya, amma na ji maganar ta canja ɗanɗano, kamar miyar da ta kwana ba a ɗumama ba.

Can sai wani mai gidan kallon bidiyo ya fara yawo yana cewa zai jera bencina a filin ƙwallo ranar sabuwar shekara, a yi ta ta ƙare. 'Yan kai-kawo kuma suka kama aiki. Aka zo aka gaya wa Babana wai Baba Sale ya ce naushi ɗaya ya ishe shi. Aka je aka gaya wa Baba Sale wai Babana ya ce mahauci bai san dukan komai ba sai dabbar da aka ɗaure. Har gobe ban yarda ɗayansu ya faɗa ba, amma ba wanda ya tsallaka katanga ya tambayi ɗan'uwansa. Dara ta mutu a gindin mangwaro. Gaisuwar da a da takan kai su har a kira magariba ta koma "sannu" da "yauwa". Ba wanda ya ce ya yarda zai yi damben, ba kuma wanda ya ce ba zai yi ba, don kada a ce tsoro ya ji.

Wata safiya na fito wanke-wanke sai na tarar da Babana a bayan kicin, ya kwance igiyar shanyar Mama yana tsalle da ita, tumbinsa yana rawa, yana haki kamar tsohon inji a kan tudu. Mama ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. "Baban Ladi, kai fa dattijon majami'a ne," in ji ta. "In ka mutu a kan wannan shirme ni ba zan yi kuka ba." Ya ci gaba da tsallensa. Ta bayan katanga kuma muna jin dum, dum, dum, Baba Sale ya rataya buhun yashi yana nausa. Wannan dum ɗin ta hana ni sukuni. Na sha ganin mutumin nan a kasuwa yana raba ƙashin cinyar sa da sara ɗaya. A waje ina nan ina cika baki Kan Jirgi zai ci, a ciki kuwa tsoro nake ji, tsoro sosai, kada a ɗauko mini uba a kan ƙyauren ƙofa. Na daina cin abinci yadda na saba, in ana magana sai in ji ni a wani wuri. Sannan a bakin famfo Hajara ta ɗauke bokitinta daga bayan nawa ta kai bayan na wata, kuma da na yi mata magana sai ta ce, "Ku je ku tambayi naku." Kalmar da ake faɗa a tasha ce ta fito daga bakinta. Na koma gida da ruwa a kai.

A haka muka iso safiyar jajibirin nan. Kawu Bitrus, yayan Mama, ya zo mana biki daga Kagoma, shi kuwa mutum ne da ba ya son jira ko a majami'a, a layin jibin Ubangiji. Ya duba sama, ya duba bunsuru, ya ce, "Rana ya yi fa. Mu ba mu da hannu ne? Ladi, kawo wuƙan kicin." Na tsaya kamar ban ji ba. Ya shiga da kansa ya ɗauko, ya tsuguna a kan dutsen niƙa yana wasa ta, kowace ƙarar wuƙar nan a jikina nake jin ta. Babana ya ce, "A ɗan jira." Kawu ya ce mutumin da ke shirin fasa maka baki shi kake jira? Babana ya ce, "A ɗan jira." Ita Mama tana tsaka mai wuya, ga nama da za a gyara a soya, ga zumuntar matan majami'a suna da koyon waƙa da la'asar, ga yayanta yana da gaskiyarsa. Ta shiga kicin ta fito, ta sake shiga. Ni kuma ina tsakanin ƙofa da mangwaro, har na fara tunanin in kwance bunsurun in kore shi ya gudu, ko a sami lokaci. Kawu ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa, ya miƙe, ya kama igiyar.

A daidai nan hayaniya ta taso daga bakin hanya. Yara suka shigo layinmu a guje suna cewa Guduma ya fito, ya ɗaura hannu. Na leƙa. Ga Baba Sale nan tafe, hannun damansa naɗe da farin ƙyalle har gwiwar hannu, bayansa kuwa jama'a, samari da 'yan acaɓa da masu zaman teburin shayi, kowa yana sauri kada a fara ba shi. Ya yi sallama ya shigo tsakar gida, mutane suka cika ƙofa, wasu suka hau katanga. Babana bai tashi ba. Na ce a raina shi ke nan, ko miƙewa ba zai bar shi ya yi ba.

Sai da ya matso na ga naɗin ba na dambe ba ne. Karare ne a jere a ƙarƙashin ƙyallen, irin na mai ɗori. Ya tsaya a gaban Babana, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Yohanna, ka yi haƙuri na makara. Daga wajen mai ɗori nake. Buhun yashi ne ya karya ni jiya." Babana ya dube shi, ya dubi hannun, sannan ya janye zanen da ke ƙafafunsa. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura ta yi kamar gwanda, tana ƙyallin man zafi. Ya ce, "Ni igiyar shanya ce." Baba Sale ne ya fara dariya, irin wadda ke fitowa ta hanci, sai Babana ya kama, har yana riƙe gwiwa don zafi. Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Ga jarumai nan, Allah ya ba su lafiya," ta koma.

Baba Sale ya zaro wuƙarsa daga tsumma da hannun hagu, ya ce da ita zai yanka, ai lalura ce, amma sai an danne masa dabbar sosai. Kawu ya matso zai kama, Babana ya ce a'a, shi ya saba. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗingisa har gindin mangwaro, ya miƙe ƙafar mai ciwo gefe, ya durƙusa a kan mai lafiyar. Ya kwantar da bunsurun, ya juya fuskarsa gabas ba tare da an gaya masa ba, don shekara da shekaru shi ke riƙewa. Baba Sale ya tsuguna kusa da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya yi bisimilla ya yanka. Waɗanda suka zo kallon dambe suka fara sulalewa suna guna-guni. Waɗanda suka rage kuwa Mama ta sa su aiki, tunda mai hannu ɗaya ba ya fiɗa, mai ƙafa ɗaya ba ya rataya. Samarin "namu" da na "naku" su suka feɗe bunsurun nan tare, suna gardamar wa ya fi iya cire fata.

Ina tsaye ina kallo na ji an taɓa ni ta baya. Hajara ce. Ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Babanki ne ya fara kai gwiwa ƙasa." Na ce a damben Turawa ba a lissafa wannan. Washegari da aka taso daga sujada ni na ɗauki kwanon gidansu, kuma na tabbata Mama ta sa hanta a ciki, don Baba Sale yana son hanta.

Ba a ƙara maganar filin ƙwallo ba, dara kuma ta dawo. Sai dai garin bai bar mu haka ba. Bayan na gama sakandare aka yi tashin hankalin da ya sa kowa ya tattara ya koma ɓangaren da nasa suka fi yawa, kuma a wannan karon "namu" da "naku" ba a kan dambe ake faɗarsu ba. Su Baba Sale suka tashi. Gidansu wani ya saya ya ɗaga katangar. Nisan bai kai a hau mota ba, amma mutane sun daina tsallakawa sai da dalili mai ƙarfi, daga baya kuma muka ji rasuwar Baba Sale. Hajara tana aure a Gwantu, mukan yi waya jefi-jefi, kuma har yanzu ba ta janye maganarta ba. Babana kuwa, har shekarar da ya bar duniya, duk jajibirin Kirsimeti sai a ɗaure bunsuru a gindin mangwaro, ƙanena ya ɗauko wuƙa, shi kuma ya ce, "A ɗan jira." Sai rana ta haura rufin kwano yake bari a yanka, kuma da hannunsa yake juya fuskar dabbar gabas.

Yanzu 'ya'yana maza ne ke gardamar. Suna zaune da waya a hannu, suna haɗa wasu zakarun damben ƙasashen waje biyu da ba su taɓa karawa ba, wannan ya fi tsawon hannu, wancan ya fi nauyi, wannan bai taɓa faɗuwa ba. In sun gaji sai su ce Mama ke wa kike ba? In ce ni Kan Jirgi nake ba, hannu biyu ya fi ɗaya, su dubi juna su yi dariya don ba su san shi ba. Maƙwabtanmu na yanzu duk majami'a ɗaya muke zuwa, kowa da tukunyarsa ta shinkafa, ba wanda ke jiran kwanon wani. A Kirsimetin bara maigidana ya ɗauko wuƙa zai yanka mana bunsuru, sai na ji bakina ya ce masa ya ɗan jira, idona a kan ƙofar gida. Ya ce, "Wa muke jira?" Na daɗe ina kallon ƙofar nan kafin na ce masa ya yanka.